"Ƙara Kaɗan Ka Ɗauki i7": Nazari Kan Shawarar da Ke Cin Kuɗin Ɗaliban Wudil

Duk lokacin da aka shiga sabon zangon karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda har yanzu da yawa ke kira da tsohon sunanta KUST, akwai wata shawara da ke yawo daga bakin yaya zuwa ƙane, daga mai shago zuwa mai saye: in dai laftop za ka saya, ka daure ka ƙara kuɗi ka ɗauki i7, domin i5 ba za ta riƙe ka ba. Ɗalibi zai hau mota ya nufi Kano, Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, da wannan magana a kansa. Ya tarar da kwamfutoci biyu iri ɗaya, launi ɗaya, kamfani ɗaya, sai dai ɗaya an liƙa mata 'yar takarda mai i5, ɗayar kuma i7. Mai shago ya ce masa, "Malam, araha ba ta ado." Shi ke nan, ya ƙara.

Wannan ƙarin ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dalar da ake samu a ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024, kayan kwamfuta kuma duk da Dala ake shigo da su. A gidaje da yawa, abin da ake ƙarawa tsakanin i5 da i7 kuɗin buhun hatsi ne ko na tunkiya. Don haka ya dace a zauna a auna shawarar kamar yadda ake auna kowace da'awa a kimiyya. Hukuncinmu shi ne: ga mafi yawan masu saye a Wudil shawarar ba ta da ƙarfi, kuma ko a inda take da gaskiya, ba lambar 7 ɗin ce ke ba ta gaskiyar ba.

Me ake saye idan an sayi i7?

Masarrafa, wadda 'yan kasuwa ke kira firosesa, ita ce ɓangaren da ke yin lissafi a cikin kwamfuta. Abubuwa biyu aka fi auna ta da su. Na farko shi ne saurin bugun agogonta, wanda ake rubutawa da GHz. Idan aka ce 3 GHz, ana nufin tana bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa ɗaya. Na biyu shi ne yawan ƙwayoyin da ke cikinta, domin kowace ƙwaya tamkar ma'aikaci ce mai cin gashin kansa. Masarrafa mai ƙwaya 4 tana iya riƙe ayyuka da yawa a lokaci guda fiye da mai ƙwaya 2.

To i7 fa? Ita ba ma'auni ba ce, sunan kasuwa ne. Kamfanin Intel ya fito da sunan a ƙarshen 2008, i5 ta biyo baya a 2009, i3 kuma a 2010. Tun daga nan kusan kowace shekara ana yin sabon zubi, abin da ake kira janareshan a kasuwa, kuma kowane zubi yana da nasa i3 da i5 da i7. Ke nan lambar tana nuna matsayi ne tsakanin 'yan zubi ɗaya kawai. Na ɗaya a aji uku na firamare da na ɗaya a aji shida duk "na ɗaya" ake ce musu, amma ba wanda zai haɗa su jarrabawa ɗaya.

Duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ranar Juma'a ya san dillali ba ya yanke wa sa farashi don tsawon ƙahonsa. Sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya san shekarunsa. Haƙoran masarrafa suna cikin cikakkiyar lambarta. Ɗauki i7-6600U: 6 ɗin farko na nufin zubi na shida, wanda ya fito a 2015. Harafin U na ƙarshe kuma na nufin irin mai tattalin wuta ce, wadda aka tsara ta kan wat 15.

Mu kwatanta ta da 'yar uwarta i5-6300U. Waɗannan biyun su ne ake yawan samu a cikin kwamfutocin tokumbo irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470. Dukansu ƙwaya 2 gare su. Dukansu wat 15. Iyakar gudun i5 ɗin 3.0 GHz ne, na i7 kuma 3.4 GHz. Bambancin kusan kashi 13 cikin 100 ke nan. Aikin lissafi zalla da i5 za ta gama a daƙiƙa 60, i7 za ta gama shi a kusan 53. Daƙiƙa bakwai a cikin minti guda, wannan kuma idan komai ya tafi daidai.

Yanzu mu tsallaka zubi. A 2017 Intel ta fitar da zubi na takwas, inda ta ninka ƙwayoyin wannan rukuni na U daga 2 zuwa 4. Sakamakon haka i5-8250U, mai ƙwaya 4, ta yi wa i7-7500U ta zubi na bakwai, mai ƙwaya 2, fintinkau a duk aikin da ake iya rabawa tsakanin ƙwayoyi. Kai, i3-1215U ta shekarar 2022 ƙwaya 6 gare ta, kuma ta wuce i7-6600U nesa ba kusa ba. Wanda ya bar i5 ta zubi na takwas ya ƙara kuɗi ya ɗauki i7 ta zubi na shida, ya biya tsada ne ya koma baya.

Akwai kuma wata matsalar da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana karɓar masarrafan Intel ne daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Ana iya cusa ta ta bayan gida, masu gyara sun iya, amma ba tabbas kan sabuntawar tsaro a gaba. A nan ma zubi ne ke magana, lambar 7 ba ta ceto.

Ba Intel kaɗai ke da wannan ɗabi'ar ba. AMD na da Ryzen 5 7520U, wadda lambarta ta fara da 7 kamar sabuwar ƙira, alhali an gina ta ne kan tsarin Zen 2 na 2019. Ita Intel ɗin ma a ƙarshen 2023 ta fara cire harafin "i" daga sababbin masarrafanta ta koma sunaye irin su Core Ultra. Laifin farko dai na masu raɗa sunan ne: sun yi suna mai sauƙin riƙewa a baki, mai wuyar fassarawa. Mai shagon Titin Beirut gadon rikicin ya yi.

Wa ke jiran wa a cikin kwamfuta?

Rauni na biyu na wannan shawara shi ne ta ɗauka cewa duk nawar kwamfuta daga masarrafa take. A 1967 wani injiniyan kwamfuta Ba'amurke, Gene Amdahl, ya yi bayanin da yau ake kira dokar Amdahl. A taƙaice: idan ka ƙara wa wani ɓangare na aiki sauri, ribar da za ka samu ba za ta wuce kason lokacin da wannan ɓangaren ke ci ba. Direban da ke jigila tsakanin Kano da Wudil ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Ko wace irin mota ya hau, in ya iso cunkoson cikin gari ranar kasuwa, tafiyarsa ɗaya da mai kurkura.

Cunkoson laftop yawanci a ma'adana yake. Tsohon faifan ajiya mai juyawa, wato had dis, a laftop yana juyawa ne sau 5,400 a minti. Zagaye ɗaya na ɗaukar kusan kashi 11 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma sai allurarsa ta matsa ta nemo wurin da bayanin yake. Kafin ya miƙo ɗan guntun bayani ɗaya, kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ya wuce. Ga ɗan Adam wannan ba komai ba ne. Amma a cikin wannan ɗan lokacin masarrafa mai 3 GHz ta buga sau miliyan 30 tana zaune, ba ta tsinana komai ba. Ita kuwa SSD, da yake ba abin da ke juyawa a cikinta, tana nemo irin wannan guntun bayanin cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na lokacin da faifan ke ɗauka.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce buɗe wata manhaja na ɗaukar daƙiƙa 10: takwas ana jiran faifai, biyu masarrafa na aiki. Ka sa masarrafar da ta fi sauri da kashi 13. Biyun nan ta koma kusan 1.8, jimilla 9.8. Wallahi ba za ka lura ba. Ko da za a ba ka masarrafar da ke gama nata a ƙiftawar ido, takwas ɗin nan na nan daram. Amma ka sauya faifan da SSD, a ce ta rage jiran zuwa kashi ɗaya bisa biyar kawai: takwas ta koma 1.6, jimilla 3.6. Wannan kowa zai gani.

Sai RAM, wato ma'adanar wucin gadi. Ita ce tabarmar da ɗan kasuwa ke baje kayansa a kai, faifai kuma shi ne sito. In tabarma ta yi kaɗan, duk mai sayen da ya zo sai an ruga sito. Giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata don ta tashi kawai. Ka buɗe Chrome da shafuka goma, ka ƙara Word da wani littafin PDF, tabarma ta cika. Giga 8 ne mafari a yau, 16 kuma shi ne kwanciyar hankali. Ga kuma jiran da ba na kwamfutar ba ne sam: shafin rajistar makaranta da ke jan ƙafa, ko bidiyon darasi da ke tsayawa, wannan aikin sabis ne, ba i7 ɗin da za ta gyara shi.

A nan ne za a ce mana, "To ai ni na gwada da hannuna, i7 ɗin abokina ta fi i5 ɗina gudu ƙwarai." Ba mu ƙaryata ba. Amma kamfanoni sun saba haɗa i7 da RAM mai yawa da SSD a kwamfuta ɗaya, su bar ƙananan da giga 4 da faifai mai juyawa. Wanda ya kwatanta waɗannan biyun ya sauya abubuwa uku a lokaci guda, sannan ya jingina sakamakon ga ɗaya, wanda aka liƙa a waje ido na gani. Ɗalibin da ya yi haka a ɗakin gwaji, malaminsa zai dawo masa da rahoton. Ƙa'ida ita ce a sauya abu ɗaya, a bar saura yadda suke.

Zafin Wudil na da nasa kason

Rauni na uku ya shafe mu kai tsaye. Babbar lambar GHz da ake tallatawa ba gudun yau da kullum ba ce. Gudu ne na ɗan lokaci, wanda masarrafa ke kaiwa idan tana da sanyi kuma wuta ta ishe ta. Dalili kuwa kimiyyar lantarki ce: ƙara saurin bugu na buƙatar ƙarin ƙarfin wuta, zafin da ke fita kuma na hauhawa fiye da yadda saurin ke ƙaruwa. Wannan katangar ce ta tsayar da Intel kanta. Pentium 4 ta kai 3.8 GHz a 2004, aka soke shirin fitar da mai 4 GHz, masana'antar gaba ɗaya ta juya ga ƙara yawan ƙwayoyi.

Masarrafan laftop irin waɗanda muka ambata suna da iyakar zafi a wajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyos. Da sun doshi wurin sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. Kuma i5 da i7 na rukunin U a cikin gida ɗaya suke, fanka ɗaya, iyakar wat 15 ɗaya. In aiki ya yi tsawo, dukansu kan sauko su tsaya kusa da juna, kashi 13 ɗin nan ya ƙara tsukewa.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Yawan zafin da take iya kwashewa ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafin masarrafa da zafin iskar. A ce masarrafa na kan digiri 95. A ɗaki mai na'urar sanyaya iska da ke kan 25, irin inda masu gwaji na Turai da Amurka ke aunawa, tazarar 70 ce. A ɗakin kwano a Wudil cikin watan Afrilu, inda zafi ke kaiwa 40 har ya wuce, tazarar 55 ce. An rasa kusan kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfin sanyayawa tun kafin a taɓa madanni. Yawancin kamfanoni ma digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin ɗakin da ya dace a yi aiki da laftop ɗinsu. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe ƙofofin iska, da man da ke tsakanin masarrafa da ƙarfen sanyaya ta, wanda a kwamfutar da ta shekara takwas ya riga ya bushe, da al'adar ɗora laftop kan katifa. Tsohuwar i7 mai toshewar fanka na iya zama bayan i5 da aka share aka sa mata sabon mai.

Sai maganar wuta. Akwai rukunin masarrafa masu harafin H, waɗanda aka tsara kan wat 45. Su kam da gaske suna da ƙarfi. Amma batirin laftop na ofis yawanci tsakanin wat-awa 40 zuwa 60 yake ɗauka yana sabo. Raba 50 da 45, ka ga in aka matsa mata aiki, awa ɗaya da 'yan mintoci ne, ba a ma sa cin allo a lissafi ba. Kuma da an zare caja, yawancin kwamfutoci na rage gudu don su ja batir. Ga wanda ke caji a masallaci ko a shagon mai janareta, gudun da ba ya samuwa sai da wuta rabin gudu ne.

Inda shawarar ke da gaskiya

Adalci ya sa a faɗi abin da masu wannan shawara suka gano daidai. Na farko, masarrafar laftop ba ta sauyuwa. Tun wajen 2015 kusan dukkansu a manne suke da allon kwamfutar, ba kamar da ba da ake iya cirewa a sa wata. RAM da SSD kuwa a yawancin kwamfutocin ofis ana iya ƙara su daga baya, ko da yake wasu sirara na zamani su ma an manne musu RAM, sai a tambaya. Don haka gaskiya ne a yi hattara wajen zaɓen masarrafa tun ranar farko. Sai dai hattarar ita ce a nemi zubi na kusa, ba babbar lamba ba.

Na biyu, akwai masu aikin da masarrafa ce ke riƙe su da gaske: ɗalibin zanen gine-gine da ke fitar da hoton gini daga Revit, ɗalibin injiniya da ke gwajin kwaikwayo da ANSYS ko dogon lissafi a MATLAB, da mai tace bidiyo irin na masana'antar Kannywood. Wanda kwamfutarsa ke shafe awa huɗu kullum tana fitar da bidiyo, kashi 13 ya kusa rabin awa a rana, kuma lokacinsa kuɗi ne. Wannan ya ƙara, ba laifi. Amma shi ma abin da zai nema shi ne yawan ƙwayoyi, harafin H, katin hoto na daban, da gida mai fanka ta kirki. Sabuwar i5 mai H za ta yi masa aikin da tsohuwar i7 mai U ba za ta iya ba. Ɗalibin da aikinsa bai wuce Word da Excel da SPSS da koyon Python ba kuwa, ba ya cikin wannan layin. Ko mai son koyar da ƙirƙirarriyar basira, dandali irin Google Colab na ba da aron injuna ta intanet waɗanda suka fi abin da zai iya saye.

Na uku, i7 ta fi saurin fita in za a sake sayarwa. Wannan ma gaskiya ne, amma mu gane abin da ake biya: imanin mai saye na gaba ne, ba gudu ba.

Yadda za ka auna da kanka

Ba sai ka yarda da mu ba. A kowace kwamfuta mai Windows, ko ta aro ce, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga shafin Performance, sannan ka yi irin aikin da ka saba yi. Duba wane ne ke cika. In layin Memory ne ke kusa da ƙarshe, RAM kake buƙata. In Disk ne ke manne a kashi 100, SSD ce maganinka. Sai in CPU ce ke tsayawa a sama na tsawon mintoci, sannan maganar masarrafa ta taso.

A shago ma wannan shafin ne zai nuna maka cikakkiyar lambar masarrafa da yawan ƙwayoyinta. Kada ka dogara da takardar da aka liƙa, ana ɓare ta a liƙa wata. Ka nemi a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoton da ke nuna abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yanzu. Ka kunna bidiyo mai nauyi na minti goma, ka saurari fanka, ka taɓa ƙasan kwamfutar.

In kuɗi ƙayyadadde ne, ga jerin da muke ganin ya fi dacewa da mai saye a Wudil: zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen ta tsararsa; sannan SSD; sannan RAM giga 8, in da hali 16; sannan batir mai rai da caja ta asali; sannan ɗan abin da za a ba mai gyara ya share fanka ya sa sabon mai kafin bazara. In bayan duk wannan akwai saura, kuma aikinka na cikin masu nauyin da muka lissafa, to ƙara ka ɗauki i7 ta zubi ɗaya da i5 ɗin da kake dubawa. In ba haka ba, riƙe kuɗinka ka sayi data da littattafai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.